Dante ko AES67, wanne zan kama?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya jiya, ya ce yana so ya haɗa mikisa da akwatin makirufo na kan dandamali da kwamfutar ɗaukar sauti duk ta kebul ɗin netwok guda, ya huta da jan ƙaton kebul ɗin nan mai wayoyi talatin da biyu, to Dante zai kama ko AES67? Malam ai ba kishiyoyi ba ne su biyun, shi ya sa duk wanda ya ce maka "wannan ya fi" kai tsaye bai gama yi maka bayani ba.

Dante kayan kamfani ɗaya ne, Audinate da ke Sidni a Ostireliya, sun fito da shi a 2006, kuma masu ƙera na'urori irin su Yamaha da Shure da Allen & Heath suna sayen lasisinsa su saka a kayansu. AES67 kuwa ba kaya ba ne da za ka saya, ƙa'ida ce a rubuce wadda ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES ta fitar a Satumbar 2013, saboda a lokacin tsare-tsaren tura sauti ta netwok irin su Dante da Ravenna da Livewire da Q-LAN kowa da yarensa, ba mai jin na wani. Wato yaren tsakiya ne aka yi musu.

A ƙasa aikinsu iri ɗaya ne, ana gutsurar sauti sau 48,000 a daƙiƙa, kowane gutsure bit 24, layi ɗaya ya kama megabit 1.152 kenan, layi 64 kusan megabit 74, a suwic na gigabit, wato akwatin da kebul-kebul ɗin netwok ke haɗuwa, wannan ko gezau. Saboda haka ka daina damuwa da faɗin hanya, matsalar tana wajen agogo. Dole duk na'urorin su yarda da agogo ɗaya, in ba haka ba wata tana zubo sauti da sauri wata tana kwasa a hankali, sai ka fara jin ƙas-ƙas a lasifika kana ta zargin kebul alhali kebul bai san hawa ba bai san sauka ba. Dukkansu da PTP, ƙa'idar daidaita lokaci ta netwok, suke daidaita agogo, amma Dante asalinsa sigar farko ta 2002 yake bi, AES67 kuma siga ta biyu ta 2008, kuma sigogin nan biyu ba sa jin juna, sai an samu na'ura ɗaya da ta iya duka ta tsaya a tsakiya.

Inda bambancin yake fitowa fili shi ne ranar haɗawa. Da Dante ka soka kebul, ka buɗe manhajar Dante Controller a kwamfuta, kyauta ce, na'urorin da kansu za su bayyana da sunayensu, masu turawa a sama masu karɓa a gefe kamar allon dara, ka danna gidan da makirufo na 3 ya haɗu da layi na 3 na mikisa, alamar kore ta fito, shikenan sauti ya wuce. Agogo ma su suke zaɓen shugaba a tsakaninsu ba ruwanka. AES67 kuwa bai tilasta wata hanya ɗaya ta gano juna ba, ya faɗi yadda sauti zai yi tafiya ne ya yi shiru, don haka wani lokaci sai ka kwafo ɗan rubutun nan da ake kira SDP daga mai turawa, mai ɗauke da adireshin IP da lambar ƙofa 5004 da wani layi kamar L24/48000/8, ka kai wa mai karɓa da hannunka. Ba wai wuya ce da shi ba fa, amma sai wanda ya san netwok, kuma ba aikin da za ka so yi ba ne jama'a na zaune suna jiran a fara taro.

Jinkiri kuma, Dante yawanci milisakan 1 yake zuwa da shi, a ƙaramin netwok na gigabit za ka iya sauke shi zuwa 0.25, amma manhajar Dante Virtual Soundcard da za ka sa wa kwamfutarka mafi ƙanƙantarsa milisakan 4 ne, wanda don ɗauka kawai ba komai. AES67 abin da ya wajabta wa kowa shi ne kowane fakiti, wato ƙunshin da ake turawa ta netwok, ya ɗauki sautin milisakan 1, jimillar sai ta ɗan haura haka. Ni dai ban ga abin jayayya a nan ba, sauti a iska ma santimita 34 kacal yake ci a milisakan ɗaya, taku ɗaya ka ja baya daga lasifika ka riga ka ƙara wa kanka fiye da haka.

Na'urorin Dante da yawa suna da wurin kunna AES67, sai dai da sharaɗi, yawanci 48,000 kaɗai yake yi, layi 8 a kowane rafi, wato turawa guda, kuma maltikas ne, wato watsawa ga kowa, to in suwic ɗinka bai iya IGMP ba, tsarin da ke kai sauti ga ƙofar da ta nema kaɗai, zai cika kowace ƙofa da sautin da ba ta nema ba.

Tunda mun zo kan suwic, ni kaina na taɓa ɓata yini guda a kan sauti mai yankewa, ashe wani ƙaramin suwic ne mai tsarin tsimin wuta na EEE, yana ɗan gyangyaɗi tsakanin fakiti da fakiti yana rikita agogo, ina canja shi magana ta ƙare. Wannan bai bar Dante ba bai bar AES67 ba. Haka Wi-Fi, kar ma ka gwada tura sautin ta nan, kuma kebul ɗin Cat5e ko Cat6 kar ya wuce mita 100, in ya fi haka sai faiba. Akwai wani tsarin tura sautin ma, AVB, da wasu za su kawo maka, shi sai suwic na musamman, mu bar shi gefe.

Don aikin da ka faɗa, mikisa da akwatin dandamali da kwamfuta, Dante zan ce ka kama in kayanka suna da shi. AES67 sai ranar da ka shiga gidan rediyo ko talabijin inda kayan kamfanoni daban-daban suka cakuɗe, can dama ƙa'idar sautinsu ta ST 2110-30 a kan AES67 aka gina ta. Turo mana sunan mikisar da na akwatin mu duba, don wasu mikisoshin sai an saya musu katin Dante daban an soka a baya.