Dashen Elm na Princeton: Ya Cancanci Kuɗinsa, Amma Sai da Kulawa

Duk wanda yake zaune a arewacin Amurka, yake da gida mai fili, kuma yake neman itacen da zai ba shi inuwa ta gaske, da wuya ya shiga gandun sayar da dashe ba a nuna masa nau'in itacen elm na Amurka da ake kira Princeton ba. Shi na saya na dasa a bayan gidanmu da ke birnin Minneapolis a jihar Minnesota, kuma yanzu da ya zarce rufin gareji ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi ra'ayina a kansa. Itace ne da ya cancanci kuɗinsa, amma masu sayar da shi suna yawan yabon jurewarsa ga cuta, suna kuma yin shiru game da aikin da yake ɗora wa mai shi a shekaru goma na farko, alhali kuwa wannan aikin shi ne ainihin farashinsa.

Jurewar cuta ita ce abin da ake tallatawa, kuma akwai dalili. Elm ɗin Amurka shi ne sarkin itatuwan bakin titi a wannan ƙasa, har zuwa lokacin da cutar da aka laƙaba wa sunan Holand ta shigo cikin gumagumai daga Turai, aka fara ganinta a jihar Ohio a 1930. Naman gwari ne da wasu ƙananan ƙwari masu huda ɓawo suke ɗauka daga itace zuwa itace, idan kuwa ya shiga sai hanyoyin ruwa na cikin itacen su toshe, ganyen wani reshe ya yi rawaya ya yanƙwane a tsakiyar lokacin zafi, daga nan mutuwa ta bi sauran jikin. A 1977 kaɗai Minneapolis ta sare elm fiye da 30,000, kuma dattawan unguwarmu har yau suna maganar titunan da rassa suka taɓa haɗewa a samansu. Shi Princeton, wani mai gandun dashe a jihar New Jersey, William Flemer, ya zaɓe shi a 1922 saboda kyan ganyensa da tsayuwarsa, tun cutar ba ta iso ba. Daga baya ne aka lura cewa yana tsira inda 'yan'uwansa suke mutuwa, gwaje-gwajen ma'aikatar noma ta Amurka suka tabbatar da haka, har a 2005 aka dasa jerinsa a titin Pennsylvania da ke gaban fadar shugaban ƙasa a birnin Washington.

Wajen girma ba ni da abin da zan kushe masa. Ƙasar gidanmu laka ce mai riƙe ruwa, ga gishirin da ake barbaɗawa a hanya lokacin dusar ƙanƙara, ga sanyin da yake kashe itatuwa da yawa, amma duk bai dame shi ba. Yana ƙara kusan mita guda a shekara tun yana ƙarami, ganyensa manya ne masu kauri da duhun kore, suna komawa rawaya da kaka. Inuwarsa kuma ba irin mai kauri ba ce ta durumi wadda ciyawa ba ta rayuwa a ƙarƙashinta, domin rassansa suna tashi sama ne kafin su buɗe, iska da ɗan haske suna ratsawa.

Wannan saurin girman ne kuma tushen matsalarsa. Princeton yana da ɗabi'ar fitar da kai biyu ko uku masu kauri ɗaya daga wuri guda, su yi gwafa mai matsatstsen baki, ɓawo ya maƙale a tsakaninsu ya hana naman itacen haɗewa. Yana ƙarami ba a ganin illar, amma idan rassan suka yi nauyi, guguwa ɗaya ko lodin ƙanƙara ya isa ya tsaga itacen gida biyu, kuma tsagaggen elm ba ya gyaruwa. Maganin shi ne a zaɓi kai ɗaya a bar shi ya jagoranci sauran, a riƙa rage tsawon kishiyoyinsa kowace shekara ko bayan shekara biyu, har sai jikin itacen ya kafu. Gandun da na sayi nawa bai ce mini komai a kan haka ba, takardar da ke rataye a jikin dashen ma tsayi da faɗi da jurewar cuta kawai ta lissafa. A ganina wannan gazawa ce babba, domin mai saye yana tafiya da zaton cewa shayarwa kaɗai ta rage masa. Da farko almakashin lambu ya ishi mutum, amma da zarar itacen ya fi ƙarfin tsani dole ne a kira ƙwararren mai kula da itatuwa, kuma kuɗin zuwansa a tsawon shekaru zai ninka kuɗin dashen.

Lokacin yankan ma yana da ƙa'ida. Ba a datse elm daga watan Afrilu zuwa Oktoba a wannan yanki, saboda ƙamshin sabon rauni yana janyo ƙwarin da ke ɗauke da cutar. Aikin hunturu ne, lokacin da ganye ya zube kuma ana ganin tsarin rassan sarai.

Ya kamata mai saye ya fahimci cewa jurewa ba kariya ce cikakkiya ba. Princeton yana iya kamuwa, sau da yawa yana farfaɗowa, wani lokaci kuma yana mutuwa, musamman idan saiwarsa ta haɗu da ta wani elm mara lafiya a ƙarƙashin ƙasa. Akwai allurar wani maganin naman gwari mai suna Arbotect da ake yi wa manyan itatuwa ta gindi duk bayan shekara uku, amma an fi yi wa tsofaffin elm marasa jurewa, kuma ba ta tare cutar da ta biyo ta saiwa. Wani ƙwaro mai cin ganye da ake kira ƙwaron Japan kuwa yana son ganyensa ƙwarai, a watan Yuli yakan bar saman itacen kamar rariya, abin da ke ɓata kyan gani fiye da yadda yake cutar da lafiyarsa.

A ranar saye akwai abin da ya fi tsayin dashen muhimmanci. Nawa ya zo a cikin tukunyar roba, an binne wuyansa da ƙasa, saiwoyinsa kuma sun fara kewaya tukunyar, sai da na tone har na ga inda gindi ya buɗe, na yanke masu kewayen kafin in dasa, domin irin waɗannan saiwoyi su ne suke shaƙe itace bayan ya girma. Ramin ya fi saiwar faɗi sau biyu ko uku amma kada ya fi ta zurfi, a shimfiɗa niƙaƙƙen ɓawon itace a kewaye ba tare da ya taɓa gindin ba, a kuma shayar da shi sosai kowane mako a shekaru biyu ko uku na farko. Tun da zai kai mita 18 zuwa 24 a tsayi, faɗinsa kuma ya wuce mita 12, ba shi da wuri a ƙarƙashin wayar lantarki ko a jikin bango.

Wanda filinsa zai ɗauki itace fiye da ɗaya, ba zan ba shi shawarar ya jera Princeton zalla ba, ko da ya haɗa da Valley Forge ko New Harmony, wasu nau'o'in elm masu jure cutar waɗanda aka fitar a 1995, domin duk dangi ɗaya ne. Biranen nan sun maye gurbin elm da itacen ash mai yawa, sai wani ƙwaro mai kashe ash da aka gano a jihar Michigan a 2002 ya iso Saint Paul, birnin da ke maƙwabtaka da Minneapolis, a 2009, aka sake komawa sara. Elm ɗaya tare da itacen wani dangi dabam, kamar oak ko hackberry, ya fi aminci. Kafin a biya kuɗi kuma a nemi mai gandun ya ciro dashen daga tukunya a duba saiwar, a zaɓi mai kai ɗaya miƙaƙƙe ko da wanda ke kusa da shi ya fi shi tsayi da yawan ganye.