Daga Sunderland zuwa Ƙofar Mata: amsar tambayar Yaya

Yaya, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, da Hajiya da maiɗakinka da yara baki ɗaya. Jesin Chelsea da ka daɗe kana yi mini tuni a kanta na saya, tana cikin kayan da zan ba mai tahowa ƙarshen wata. Amma tambayar da ka haɗa mini da ita, cewa sau nawa na shiga filin wasa tun zuwana, kuma wane gari ne ya fi son ƙwallo a Ingila, ba ta amsuwa a saƙon murya. Shi ya sa yau da ba ni da aiki na zauna na rubuta maka.

Abin da na san ba za ka yarda ba sai ka gani shi ne, kai da kake Kano ka fi ni kallon Firimiya. A ƙasar nan daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yammacin Asabar ba a nuna wasan ƙwallo kai-tsaye a talabijin. Tsohon tsari ne, an yi shi don kada mutane su zauna a gida suna kallon manyan kulob su bar ƙananan garinsu ba 'yan kallo. Wasan ƙarfe uku da kuke zaune a benci a gidan kallo kuna zaɓar wanda za a kamo muku, mu nan sai dai mu bi shi a rediyo, mu jira dare a nuna mana ƙwallayen da aka ci. Sauran wasannin kuma ba kamfani ɗaya ke da su ba, sai ka biya wannan ka biya wancan kowane wata, ban da lasisin talabijin na shekara, wanda a 2025 fam 174.50 ne. Ni tuni na haƙura. Kuɗin da kake miƙa wa mai gidan kallo a ƙofa ka ga wasa uku a jere, ka riƙe shi da daraja.

Jesinka kuwa fam 80 da ɗoriya na biya, buga suna da lamba a baya kuɗinsa daban. Mafi ƙarancin albashi a nan a 2025 fam 12.21 ne a awa, ka ga kusan aikin awa bakwai ke nan a riga ɗaya, kafin a cire haraji. Yadin yana da kyau, ɗinkin ba ya saki, tambarin ba ya ɓantarewa a wanki kamar irin wanda muke saye a Sabon Gari. Duk da haka ina roƙonka kada ka ba yara su je buga ƙwallo da ita a layi.

Saboda ita na je Landan. Jirgin ƙasa daga Newcastle zuwa tashar King's Cross kusan awa uku ne. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na sauka a Fulham Broadway, na taka zuwa Stamford Bridge, filin da John Mikel Obi ya yi shekara goma da wani abu yana taka leda. Ranar akwai wasa. Kantin kulob ɗin cike yake maƙil, na ji yare ya fi goma, kowa da waya a hannu yana ɗaukar hoto. Ban samu tikiti ba, dama ban sa rai ba, domin filin mutum 40,000 kawai yake ci, masu nema kuwa daga duniya duka suke. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ina barin unguwar da tafiyar minti goma sai ƙwallo ta ɓace. Mutane na harkarsu, motoci na wucewa, babu wanda ya san ana wasa. Landan ta yi girman da kulob ɗaya ba zai iya riƙe ta ba. Ga Arsenal, ga Tottenham, ga West Ham, ga Crystal Palace, ga Fulham, ga Brentford, kowa da unguwarsa. Ban ce babu magoya baya na haƙiƙa ba, akwai waɗanda tun kakanninsu suke zuwa. Sai dai tsada tana ture su a hankali. A Arsenal, tikitin kakar wasa mafi araha ga babban mutum ya haura fam 1,000.

Newcastle wata duniya ce daban. Filinsu, St James' Park, a tsakiyar gari yake bisa tudu, ta ko'ina ka ɓullo kana hango shi kamar yadda ake hango Dala. Yana ɗaukar mutum 52,000, kuma kulob ɗaya ne tilo a garin. Ranar wasa tun hantsi za ka ga baƙi da fari ko'ina, direban bas, mai sayar da burodi, tsohuwa mai dogara sanda, har jarirai a keken turawa. In an ci ƙwallo, wanda ke kasuwa ma yana jin ihun. Duk wanda ya ji daga Najeriya nake sai ya ce mini Shola Ameobi. Ka san a Zariya aka haife shi? Ni ma a nan na sani. Suna ƙaunarsa ne musamman don yawan ƙwallayen da ya ci Sunderland. Suna tuna Obafemi Martins da ya sa lamba 9, lambar Alan Shearer, da Celestine Babayaro ɗan Kaduna.

Shiga filin nan kuwa sai mai rabo, tun bayan da asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya ya sayi kulob ɗin a 2021. Sai ka biya kuɗin rajista na shekara, sannan kowane wasa a sa sunanka a ƙuri'a, in ka fito a sayar maka. Wani abokin aikina haifaffen garin ya shiga ƙuri'a ba adadi, sau biyu kawai ya samu a kakar wasa guda, kuma bai fasa ba.

Ranar 16 ga Maris 2025 ba zan manta da ita ba. Muna cikin azumi. Newcastle ta kara da Liverpool a wasan ƙarshe na kofin Carabao a Wembley, rabon Newcastle da kofin cikin gida tun 1955. A gidan abokin aikin nan nawa na kalla, shi da mahaifinsa da 'ya'yansa biyu. Dan Burn, ɗan yankin da ya taso yana goyon bayan kulob ɗin, ya ci da ka dab da hutun rabin lokaci, Isak ya ƙara ta biyu. Lokacin shan ruwa ya yi saura 'yan mintoci a tashi, kowa a tsaye, ba mai iya zama. A cikin wannan hali matar gidan ta duba agogo, ta shiga kicin ta kawo mini ruwa da dabino da ta saya musamman domina. Liverpool ta rama ɗaya a ƙarin lokaci, aka tashi 2-1. Tsohon nan, mai shekara saba'in da wani abu, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da gyalen kulob yana kuka, jikokinsa na riƙe da shi. Da suka zagaya gari da kofin ranar 29 ga wata, jajibirin Sallah, titi ba masaka tsinke.

To amma in ka ce in zaɓa, Yaya, Sunderland zan zaɓa, ba don a nan nake zaune ba. Tsakaninta da Newcastle bai kai kilomita 20 ba, jirgin Metro ɗaya ke haɗa su, amma ba sa ga maciji. Garin ma'aikata ne, da ƙera jiragen ruwa da haƙar kwal aka san shi. An rufe masana'antar jiragen a 1988, ramin kwal na ƙarshe a 1993, kuma a kan wannan ramin aka gina filinsu, Stadium of Light, a 1997. Kulob ɗin ya faɗo daga Firimiya a 2017, ya sake faɗowa rukuni na uku a 2018, ya yi shekara huɗu a can. A cikin wannan wahala, washegarin Kirsimeti na 2018, mutum fiye da 46,000 suka shiga kallon wasansu da Bradford. Wasan rukuni na uku fa. Mai son kulob don kofi da tuni ya kama gabansa. Sai a Mayun 2025 suka dawo Firimiya, bayan sun ci Sheffield United 2-1 a Wembley da ƙwallon ƙarin lokaci.

A gidan kula da tsofaffi da nake aiki akwai wani dattijo, tsohon mai walda a masana'antar jiragen. Ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa, wani lokaci 'yarsa ta zo bai gane ta ba. Amma ina ɗaura masa maɓallin riga in na ce masa 1973, sai idonsa ya buɗe. Zai ba ni labarin yadda Sunderland, tana rukuni na biyu, ta ci Leeds 1-0 a wasan ƙarshe na kofin FA, yadda Porterfield ya ci, yadda gola Montgomery ya tare ƙwallo biyu a jere. Har hannu yake ɗagawa yana nuna mini yadda ya ture ta biyun ta bugi ƙarfe. Na ji labarin ya fi sau hamsin, kuma ko sau ɗaya bai yi kuskuren suna ba.

A filinsu na shiga, sau uku, lokacin suna rukuni na biyu, tikiti wajen fam 30. A waya tikitin yake, ka kara a ƙofa ta buɗe. Kujerarka da lambarta, ko ka makara ba wanda zai zauna maka. Ma'aikata na nuna hanya, masu keken guragu da wurinsu mai kyau, ma'aikatan lafiya a tsaye, banɗaki da ruwa. In an ce ƙarfe uku to ƙarfe uku ne. Magoya bayan baƙi da ɓangarensu, suna waƙa ana mayar musu, a tashi kowa ya hau jirgi. An ci Sunderland a gabana sau ɗaya, an yi wa alƙalin wasa ihu sosai, amma ya fita da ƙafarsa ba wanda ya jefe shi. Wannan kam ina mana kwaɗayinsa a filayenmu. Ta wajen abinci mun fi su nesa. Dankali soyayye da wani burodi mai nama a ciki da ba zan iya ci ba don ban san yankansa ba, ga tsada. Na tuna gurasa da tsire da rake na bakin filin Sani Abacha. In hunturu ne kuma ga sanyi mai shiga ƙashi, rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, sai ka yi dabarar La'asar da Magariba tun kafin ka fito.

Ina zaune a can sama suna rera waƙarsu da murya ɗaya, ba Chelsea na tuna ba. Ranar da Baba ya riƙe hannunmu ya kai mu Ƙofar Mata na tuna, filin ya cika tun azahar, ana "Sai Masu Gida" har ƙasa na girgiza. Kano Pillars da ta ɗauki kofi a 2008, ta jera uku daga 2012 zuwa 2014, ta fitar da Al Ahly a gasar Zakarun Afirka a 2009, ta fi shekara goma ba a ci ta a gida ba. Da ta faɗi a 2022, mu nawa muka bi ta har ta dawo? Ni dai ban bi ba, kuma abin yana damuna tun da na ga mutanen garin nan. Na ba dattijon nan labarinta, na ce masa Ahmed Musa da ya buga wa Leicester daga can ya fito kuma can ya koma. Ya tambaye ni launin rigarmu, na ce kore da rawaya.

Don haka ga roƙona. Ka nemo mini jesin Pillars guda biyu, ɗaya daidai ni, ɗaya babba sosai domin dattijon yana da kafaɗa, ka ba wanda zai kawo maka taka in zai dawo. Na sa 'yan kuɗi a aljihun jakar, na tikitin yara ne, ka kai su wasan gida na gaba, ka turo mini hoto. A gaida Hajiya, a ce mata maganin ƙafarta yana cikin kayan.