Kes ko dok mai wutar kansa: wanne zai hana had-disk yanke-yanke?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tunda faifan naka ƙarami ne na inci 2.5, yana cikin kes na USB, wato ƙaramin gidan da ake sa faifai a jona shi da kwamfuta, kuma sai ana tsakiyar kwafi yake ɓacewa ya sake bayyana, to tsakanin sabon kes da dok da kake tambaya, dok mai adaftar kansa za ka saya, wato mazaunin da ake tsayar da faifai a ciki a kan tebur. Sai dai ka riƙe kuɗinka tukuna, domin akwai larurar da kes da dok duka ba sa magancewa, kuma gano ta ba ya cin komai.

Fara da kwashe abin da ba za ka jure rasawa ba. Kada ka zaɓi faifan gaba ɗaya ka ce a kwafa a tashi guda. Ɗauki takardu da hotuna, folda bayan folda, fina-finai su jira. Idan Windows ya fito da saƙon cewa sai an yi wa faifan fomat, danna Cancel. Kada kuma ka kunna chkdsk, manhajar Windows mai gyaran faifai, a wannan hali, ko da wani ya ba ka shawarar hakan. Aikin chkdsk rubutu ne a kan tsarin fayiloli, idan faifan ya yanke yana tsaka da gyaran, ɓarnar da za ta biyo baya ta fi wadda ka fara da ita.

Daga nan ka sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce. Tana karanto bayanan SMART, wato lissafin da faifan yake ajiyewa game da lafiyar kansa. Kada kalmar Good da ke sama ta ishe ka, sauka cikin teburin ka dubi jerin da ke ƙarshen hannun dama, mai suna Raw Values. Lambobin suna zuwa a tsarin heksa, amma ta Function, Advanced Feature, Raw Values za ka mayar da su lambobin da aka saba. Layi na 05 yana ƙirga sassan da suka lalace har faifan ya maye gurbinsu. C5 sassan da ya kasa karantawa ne yana jiran ya yanke hukunci a kansu, C6 kuma waɗanda suka gagara gyaruwa. Idan waɗannan uku sifili ne, alhamdu lillahi, akwai kyakkyawan zaton cewa faifan lafiya yake, matsalar a kan hanya take. Idan C5 yana da lamba, musamman in tana hawa daga yau zuwa gobe, to faifan ne da kansa yake tafiya. Abin da ke faruwa shi ne kan karatun yana isa wurin da ya lalace ya tsaya yana ta maimaita ƙoƙari, kes ɗin ya gaji da jira ya sake kunna haɗin, kai kuma ka ga kamar wayar USB ce ta motsa. Alamarsa a fili take: kullum a kan fayil ɗaya ko folda ɗaya yake yankewa.

Akwai wasu layuka biyu da mutane ke tsallakewa, alhali su ne suka fi nuna inda laifin yake. C7 yana ƙirga kurakuran da aka samu a mahaɗar SATA. A faifan da ke cikin kes, wannan mahaɗa ita ce inda faifan ya cusa bakinsa cikin ɗan allon kes ɗin, don haka hawan C7 yana nufin bakin bai zauna daidai ba ko allon ya gaji. Lambar ba ta komawa sifili ko an gyara, saboda haka rubuta ta a takarda ka ga ko tana ƙaruwa. C0 kuwa, a yawancin faifai, yana ƙaruwa duk lokacin da wuta ta yanke wa faifan ba shiri yana cikin juyawa. In ka ga yana ƙara ɗaya bayan kowace ɓacewa, ƙarancin wuta ne ke damun ka.

Gwaji na biyu da hannu ake yin sa. Nemo wata waya gajera mai kauri, wadda ba ta kai rabin mita ba, ka jona kai tsaye ba ta hob ba, wato na'urar da ke raba ramin USB ɗaya zuwa da yawa. A kwamfutar tebur yi amfani da ramukan baya, domin su a jikin madabod suke, na gaba kuwa sai sun bi ta wata siririyar waya a cikin akwatin. In laftof ce, sa ta a caji. Shiga Power Options, cikin Advanced settings, ka kashe USB selective suspend. A Device Manager kuma, ƙarƙashin Universal Serial Bus controllers, buɗe kowane USB Root Hub ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi don tsimin wuta. Idan kana son shaida a rubuce, Event Viewer yana da ita a sashen System: lamba 157 na nufin faifan ya ɓace ba sallama, 153 an sake gwada karatu ko rubutu, 7 kuwa an ci karo da sashe marar kyau. In waya ce kawai, a nan magana ta ƙare, ba sai ka sayi kes ko dok ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce dok. Ramin USB 2.0 an tsara shi ya ba da 500mA a kan 5V, na USB 3.0 kuma 900mA. Faifan inci 2.5 yana iya jan kusan 1A a daidai lokacin da motar da ke juya shi ke tashi, kuma yana sake ja da ƙarfi idan rubutu ya yi nauyi. Kes ba shi da wata wuta sai wadda ramin ya ba shi, a ciki ma ɗan allonsa yake cin nasa rabon. Ƙara da doguwar waya siririya da ke zubar da wani abu a hanya, sai wutar da ta isa faifan ta faɗo ƙasa da 4.75V. Ɗora yatsa a kan kes ɗin lokacin da abin ke faruwa: za ka ji girgizar motar ta lafa, wata 'yar ƙara ƙyas ta biyo, sannan ya sake ɗaukar juyi daga farko. Faifan da ya tsufa ya fi fuskantar wannan, shi ya sa kes ɗin da ya yi shekaru yana aiki lafiya zai iya fara wannan hali ba tare da an taɓa komai ba.

Dok yana raba aikin biyu. Wuta tana zuwa daga bango ta adafta, galibi 12V mai 2A ko 3A, shi kuma ya sauke ta zuwa 5V a ciki; wayar USB bayanai kawai take ɗauka. Irinsa ne a kan teburina, mai baki ɗaya, kuma faifan da ya gagara kai kwafi ƙarshe a kes, da an tsayar da shi a ciki an danna maɓalli sai ka ji ya ɗauki juyi sumul, layin kwafi ya miƙe bai waiwaya ba har ya gama. Bakin wayarsa ma ya fi ƙarfi, yawanci babban USB-B ne ko USB-C, ba faffadan Micro-B ɗin nan na kes ba wanda ke sakwarkwacewa kamar haƙorin da ya kusa fita. Yana karɓar faifan inci 2.5 da na 3.5, faifan yana shan iska a fili, sannan ya zame maka kayan gwaji: duk faifan da ya ci gaba da yankewa a kan dok mai kyau da waya mai kyau, ka san laifin nasa ne.

Yana da nasa sharuɗɗan, kuma gara ka san su tun yanzu. Idan wutar bango ta ɗauke, faifan zai tsaya nan take ko da laftof ɗin na kan batir, don haka in kana da UPS a kansa za ka jona adaftar. Faifan a tsaye yake ba rufi, kada a ture shi ko a zare shi yana juyawa. Yi Eject, kashe maɓalli, jira motar ta tsaya. Bakin SATA na jikin faifai ba a yi shi don cire-sa na kullum ba, ƙa'idarsa kusan sau 50 ce, saboda haka in ka sa shi ka bar shi. Wasu dok suna kwantar da faifan bayan 'yan mintuna babu aiki, sai ka ji jinkiri kafin folda ta buɗe. Wannan ba yankewa ba ce, domin harafin faifan yana nan bai ɓace ba. Mai baki biyu da ke da maɓallin Clone kuwa, ka yi hattara da shi ƙwarai: yana shafe faifan da ke baki na biyu ɗungurungum.

Kes fa? Yana shiga aljihu, iyakar abin da zan yaba masa ke nan. Wutar da ta gaza wa tsohon kes ita ce dai za ta ciyar da sabon. In tafiye-tafiye sun tilasta maka, nemi mai bakin USB-C, mai goyon bayan UASP, wato tsarin tura bayanai da sauri ta USB, wanda CrystalDiskInfo ke iya ganin SMART ta cikinsa, ka kuma duba kaurin faifanka: akwai 7mm, 9.5mm da 15mm. Na 7mm a cikin kes na 9.5mm yana rawa har ya zame daga baki, sai an manna masa ɗan soson da ke zuwa a kwali. A gida kuma ka jona shi ta hob mai adafta.

Abu ɗaya zai iya rushe duk wannan lissafi. Idan ba kai ka sa faifan a kes ba, a haɗe ka saye shi daga kamfani, bincika samfurinsa kafin ka ɓalle shi. Ƙananan WD My Passport da Elements bakin USB ɗinsu a jikin allon faifan yake, babu bakin SATA da za ka ɗora a dok. Irin waɗannan sai dai sabuwar waya da hob mai wuta, in ramin ne ya saki kuma sai mai gyara ya yi masa dalma. Wasu manyan faifan waje kuma allon kes ɗinsu yana kulle bayanai ko yana sauya girman sashe, sai ka ɗora a dok Windows ya nuna RAW, wato bai gane tsarin fayilolin ba. Bayanan suna nan, kada ka yi fomat, mayar da shi gidansa na asali. Ka kuma sani ɓalle kes na kamfani yana iya zubar da garanti.

Idan kuwa 05 da C5 ne suka nuna lamba, kuɗin dok ɗin ka haɗa ka sayi sabon faifai, SSD in hali ya yi, tunda ba shi da motar da za ta ja wuta wajen tashi. Kwashe bayanan tsohon da ddrescue, manhajar ceto bayanai, a Linux, domin yana tsallake wuraren da suka lalace ya fara ceto masu kyau, daga baya ya dawo kansu. Faifan da ke ƙwas-ƙwas a kai a kai bai bayyana ba, kashe shi ka kai wa masu ceto bayanai. Kowane kunnawa ƙarin karce ne. Zancen sa shi a firiza kuma ka bar shi, raɓa ce za ta taru a ciki.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayarwa. Akwai mai zare adaftar asali daga kwali ya sa wata mara nauyi da aka rubuta wa 2A alhali ba ta kai ba, ka koma gida da matsalar da ka fito gudu. Akwai waya da hob da aka shafa wa shuɗin launi a baki ana kiran su USB 3.0, haska fitila ciki, na gaske yana da ƙafafu 9, biyar daga cikinsu a wani layi daban, na bogi 4 kawai. Gudu ma yana tona asiri: babban fayil guda a kan USB 2.0 ba ya wuce 30 zuwa 40MB a daƙiƙa, lafiyayyen faifan laftof a kan USB 3.0 kuwa yana kaiwa kusan 100. A wajen faifai, ana goge lissafin SMART na tsoho a sayar da shi a matsayin sabo, don haka duba sawun noti a ramukan gefe da gogewa a zinaren bakin SATA, ka kuma shigar da lambar siriyal a shafin garanti na kamfanin. Wanda aka rubuta masa girman da farashinsa bai yi kama da shi ba, cika shi da H2testw, manhajar da ke gwada ainihin girman faifai, kafin ka ɗora masa komai. Mai gyaran da ya kalli faifanka ya ce ya mutu, ka bar masa shi ka sayi wani a wurinsa, ce ya nuna maka SMART a gabanka, kuma ko ya mutu ka tafi da abinka, bayananka na ciki.

Ranar da dok ya iso, rubuta lambobin C0, C5 da C7 kafin ka fara. Kwafi manyan fayiloli na kamar 50GB daga faifan zuwa kwamfuta, ka sake mayar da wani abu cikinsa, sannan ka duba lambobin da Event Viewer. In babu wadda ta motsa kuma 157 bai bayyana ba, tsohon kes ne mai laifi. In C5 ya hau ko da ɗaya ne, gama kwashe bayananka a ranar, ka turo mana hoton teburin SMART ɗin mu duba tare.