Littattafai uku bayan sallah, da wanda ya hana ni barci

Daga ƙaramar sallah zuwa yau littattafai uku na karanta, duk a shagon ɗinkina da ke unguwar Asawase a Kumasi, ƙasar Ghana, galibi idan an ɗauke wuta keke ya tsaya. Biyu na Turanci ne, ɗaya na Hausa. Na Hausar shi ne ɗan mitsitsi a cikinsu, bai kai kaurin yatsa ba, amma shi ya zauna mini a rai.

Na fara da The Prophet of Zongo Street na Mohammed Naseehu Ali, ɗan Kumasi, namu na Zango, wanda ya fito a 2005. Gajerun labarai ne, wasu a nan gida, wasu a Amurka. Na gida su suka kama ni, musamman na Malam Sile mai shayi, wanda samarin unguwa suka raina suna shan shayinsa bashi, har Allah ya haɗa shi da matar da ta tsaya masa tsayin daka. Wa bai san irinsa ba? Daga Aboabo zuwa Sabon Zango kowane bakin masallaci da nasa. Labaran Amurka kam ban ji ɗuminsu ba. Abu ɗaya ya riƙa sosa mini rai: mutanen cikin littafin da Hausa nake jin muryarsu, takarda kuwa Turanci take ba ni. Kakata Hajiya, wadda ta fi kowa sanin irin waɗannan mutane, ba ta da rabo a ciki.

Na biyu shi ne The Hundred Wells of Salaga na Ayesha Harruna Attah, bugun 2018. A gidanmu idan an ambaci Salaga, tsohon garin kasuwa a arewacin Ghana, alfahari ne ke biyo baya: kakanninmu fatake ne, sun taso daga Kano da jakuna, sun kawo kanwa da tufafi sun koma da goro. Haka aka rene mu. Wannan littafi sai ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan kasuwar, inda ake ɗaure mutane. 'Yan mata biyu yake bi, Aminah da mahara suka sace daga garinsu, da Wurche 'yar gidan sarauta ta Kpembe, kusa da Salaga, wadda daga baya ta saye ta. Rijiyoyin da garin Salaga ya yi suna da su, da ruwansu ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa. Da na zo nan sai na rufe littafin na fita waje shan iska.

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Zancen soyayya ya so ya yi yawa, kuma rikicin sarauta da ya kai ga yaƙin basasar Salaga na 1892 an bi ta kansa da gudu, alhali wannan yaƙi shi ya watsa 'yan kasuwar Salaga zuwa Kete Krachi da Kintampo da sauran garuruwa. Ko Alhaji Umaru, babban malamin nan mawaƙi haifaffen Kano, bayan wannan hargitsi ne ya bar Salaga ya koma Krachi, inda ya rasu a 1934. Na so a ce marubuciyar ta ƙara zama a wajen.

Sai na uku, na Hausar, Shaihu Umar. Wani kawuna direban babbar mota ne ya zo mini da shi daga Kano. Takardar sirara ce, tawada ta dushe a wasu shafuka, amma ana iya karantawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta, don gasar rubuta littattafai da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933, shekaru masu yawa kafin ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Na sha wuya a shafukan farko. Mu nan allo muka yi, a boko kuma Turanci da Twi aka koya mana, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna mini Hausar boko. Ga shi Hausarmu ta Zango ba ta cika raba "ya" da "ta" ba. Dole na koma karantawa da ƙarfi, shi ya sa na kai shi gida ina karanta wa Hajiya bayan isha'i.

Labarin Umar ne, yaron da aka sace, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, ya keta Sahara, ya yi karatu ya zama shaihi. Amma ni uwarsa na bi. Ta fito neman ɗanta ita ma aka yaudare ta aka sayar, ta sha wahalar duniya, kuma da Allah ya sada su ba ta daɗe ba ta cika. Marubucin bai yi kururuwa ba, bai zagi kowa ba, a sanyaye yake faɗin abin kamar mai ba da labarin damina. Da farko wannan sanyi ya ba ni haushi, na so ya fito ya ce zalunci ne. Daga baya na lura sanyin ne ma ya sa abin ke shiga jiki.

Daren da muka kai wajen rasuwar uwar, Hajiya ta daɗe tana jan carbi ba ta ce uffan ba. Na ce, "Hajiya, kakanmu da ya yi fatauci a Salaga, goro kaɗai ya saya?"

Ta ce, "Ɗan nan, akwai wata tsohuwa a gidanmu ina yarinya, Iya muke ce mata. Tana da zane a fuska wanda ba irin namu ba. Ba ta san garinsu ba." Ta share ido da bakin mayafi, ta ce in koma baya in sake karanta mata daga inda uwar ta bar gida.