Wace mitar gwajin wuta za ka sa a aljihu?

Makon jiya ƙanen wani abokina da ke koyon haɗa sola a Jega ya turo mini hotunan mita huɗu ta WhatsApp, ya ce, "Yaya, wacce zan ɗauka?" Na ce masa ya fara gaya mini inda zai riƙa cusa tsinkayenta. Mitar da za ta ishi mai duba batirin babur ba za ta ishi wanda ke buɗe akwatin wutar gida ba, ko da dukansu suna shiga aljihun riga.

Wadda kowa ya sani ita ce 'yar rawayar nan, DT830, da ba ka rasa ta a shagunan kayan wuta na babbar kasuwar Birnin Kebbi. Ita ce mafi araha, kuma ba na raina ta, da ita na koyi aiki. Za ta gaya maka batirin mota ya cika in ta nuna bolt 12.6 bayan ya huta, za ta nuna maka yana karɓar caji in ka ga tsakanin 13.8 da 14.4 inji na aiki, za ta nuna batirin waya ya kai 4.2. Sai dai ka lura da harafin ƙarshe. Mai B yawanci ba ta kuka in ka haɗa tsinkayen, mai D tana yi. Wanda ya taɓa neman inda waya ta katse a cikin silin, kansa cikin ƙura da yanar gizo-gizo, ya san kukan nan ya fi allon amfani.

Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Aibinta na farko, idan batirinta mai bolt 9 ya yi sanyi sai ta fara ƙara lamba. Na taɓa ganin ta ba mataccen batir shaidar lafiya, mai shi yana ta zagin inbata. Na biyu shi ne ramin 10A, inda ake sa jar waya don auna amfiya, wato yawan wutar da kaya ke ja. A yawancinsu babu fiyus a bayansa, guntun ƙarfe ne kawai ya haɗa shi da ramin baƙar waya, ko ina ka juya makunni. Wata rana a wani gida a Badariya, yarona ya gama auna wutar da wani ƙwan sola ke ja, ya manta jar wayar a ramin, ya je ya cusa tsinkaye a soket. Sai ƙara kamar an fasa ƙwai a wuta, bakin tsinke ya narke, soket ya yi baƙi, matar gidan ta fito tana salati. Allah ya tsare hannunsa. Da na buɗe mitar, hanyar tagullar da ke kan faifan ta ƙone ƙurmus. Tun ranar 'yar rawaya ba ta fita daga kan tebur a shagona.

Daga ita sai jerin UT33 na kamfanin UNI-T, masu alamar tarawa a ƙarshen suna. Suna da rigar roba, allonsu na da fitila, kuma batir AAA biyu suke ci, irin na rimot, wanda ko a tireda za ka samu. UT33A+ tana zaɓen ma'auni da kanta, ba sai ka yi ta juya makunni kana canke ba, tana kuma auna kafasita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don fankar silin da ke juyawa kamar mai jin barci sau da yawa ba ta ƙone ba, kafasitarta ce ta gaji. Ga mai gida da ke son duba kayansa da kansa, nan zan tsaya.

ANENG AN8008 ta fi kama da tafin hannu, amma an cusa mata kaya. Allonta na ƙirga har 9999, alhali 'yar rawaya a 1999 take tsayawa, don haka mai gyaran waya ko rediyo zai ga bambancin da waccan ke haɗiyewa. Tana auna saurin kaɗawar wuta, ka san ko janaretarka na kan 50 da ake so ko makaniki ya murɗe ta sama. Tana kuma da abin da ake rubutawa True RMS. Amfaninsa shi ne, inbata mai araha ba ta fitar da wuta mai laushi irin ta NEPA, tata mai matakala ce. Mita ta gama-gari takan karanta irin wannan wuta ƙasa da yadda take, sai mutum ya ɗauka inbatarsa ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Abin da ba na so da ita shi ne ƙananan fiyus ɗinta. A kan tebur sarauniya ce, amma ba na kai ta kusa da wayar da ta sauko daga falwaya.

Masu siffar walat ɗin nan, sirara, da tsinkaye a manne, kyau kawai suka fi. Wayarsu gajera ce, in ta tsinke ba ka da ta canji, batirinsu kuma mai kamar kwabo ne.

Sai Fluke 101, ƙirar kamfanin Amurka, nauyinta giram 160. Kuɗinta zai sayi 'yan rawaya da yawa, ga shi allonta ba fitila, ba ta da True RMS, kuma ba ta auna amfiya sam. Mutane na jin haka su ce to me aka saya? Ni kuwa wannan rashin ne ya sa nake miƙa ta ga yaro hankalina kwance: ramin da ya kusa raba yarona da yatsa babu shi a jikinta. An kuma yi ta a matsayin CAT III 600V. Wannan rubutu yana faɗin inda mita za ta jure bugun wuta ba ta fashe a hannu ba. CAT II na soket ne da kayan da ake jonawa, CAT III na akwatin rarraba wuta, CAT IV na inda wuta ke shigowa daga waje. Matsalar ita ce kowa na iya buga haruffan a jikin roba, shi ya sa sunan kamfani ke da daraja a nan, shi ya sa kuma jabu ke bin sunan. In aka yi maka tayin Fluke a kuɗin cin abincin rana, ka ajiye masa kayarsa.

To mai sola fa, da dole ya san amfiya nawa ke shiga batir? Shi mai baki zai nema, wadda ake maƙala wa waya ba tare da an yanke ta ba. A nan ne da yawa ke yin asara, domin akasarin masu baki masu araha wutar AC, irin ta NEPA, kawai suke gani, ka maƙala su a wayar batir su nuna sifili. UT210E mai baki ce da ke karanta DC, wato wutar batir, har amfiya 100, kuma ƙarama ce. Ka danna maɓallin sifili kafin ka auna, ka kama waya ɗaya tak, don in ka haɗa ja da baƙi a baki ɗaya za su soke juna. Masu haɗa injin ban-ruwa na sola a fadamun shinkafa wajen Argungu su kula da wani abu kuma: babban faranti ɗaya kan ba da kusan bolt 50 in ba a jona masa komai ba, goma a jere kusan 500 ke nan. Wannan ba wasan batirin babur ba ne.

Kafin ka biya, ka sa mai shago ya saka batir. Haɗa tsinkayen ka ji ko kukan na fitowa nan take ko sai ya yi tunani. Tafi da sabon batirin tocila a aljihu, ya kamata ta nuna wajen 1.6. Juya makunni ka ji yana faɗawa daram a kowane mataki. Ka lanƙwasa wayoyin, masu tauri kamar tsumagiya ba sa daɗewa suke karyewa daga gindi. Idan ka kai ta gida kuma, kada ka bar ta a gaban mota cikin ranar Afrilu, allon baƙi yake yi, kuma ka nema mata 'yar jaka saboda ƙurar hunturu.

Yaron na Jega ya ɗauki UT210E, ya ce 'yar rawayar maigidansa ta ishe shi duba fiyus kafin ya tara kuɗin wata. Na sa ya liƙe ramin 10A na 'yar rawayar da salatif.