Wace kyamara za ka saya don bibiyar motsin ɓeraye a ɗakin gwaje-gwaje?

Aikin da ake nema daga kyamarar gwajin ɗabi'ar dabbobi ba shi da yawa: ta rataye a sama, ta kalli akwatin gwaji, ta riƙa ba da hotuna a kan ƙa'ida, haskensu bai canja ba, tazarar lokacin da ke tsakaninsu ma ba ta canja ba. Daga waɗannan hotunan ne manhaja ke lissafa nisan da ɓera ya yi, da saurinsa, da tsawon lokacin da ya ɗauka a tsakiyar fili ko a jikin bango. Saboda haka yawan fiksel da ake rubutawa a jikin kwali ba shi ne abin dubawa ba. Abin tambaya shi ne, za ka iya kulle saitin kyamarar ta daina yi maka gyara da kanta?

Wayar hannu ta fita daga lissafi tun a nan, domin tana rage yawan hotuna idan haske ya ragu ko ta yi zafi, ba tare da ta sanar da kai ba. Kyamarar tsaro ta CCTV tana sauya tacen haskenta da kanta tsakanin dare da rana, sannan tana matse bidiyo har gefen jikin dabba ya dagule. Ƙaramar kyamarar ɗaukar wasanni GoPro da ire-irenta suna lanƙwasa hoto, santimita ɗaya a tsakiya ba daidai yake da na kusurwa ba. Kyamarorin masana'antu irin na Basler ba su da abin kushewa, haka ma manhajojin kuɗi irin EthoVision da ANY-maze, sai dai wanda ke da kuɗinsu ba ya neman mai rahusa.

Zaɓi biyu suka rage: kyamarar USB da ake jonawa da kwamfuta, irin Logitech C920, da kuma ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi mai kyamararta. Ta USB tana aiki idan da hasken fitila za ka yi gwaji, akwati ɗaya tak, amma tana da tacen da ke tare hasken infirared, wato hasken da idon mutum ba ya gani, kuma wasu kwamfutoci kan mayar da saitin haskenta yadda yake da zarar an cire ta an sake jonawa.

Ni dai Raspberry Pi 4 da Camera Module 3 samfurin NoIR nake ba da shawara, kuma ba na jin akwai abin da ya kama ƙafarsu a wannan matakin. Kyamarar ta fito a 2023 da firikwensin Sony IMX708 (firikwensi shi ne sashen da ke karɓar haske ya mai da shi hoto), kuma NoIR na nufin ba ta da tacen infirared, wato za ta ɗauki ɓera a cikin duhu, lokacin da ya fi kuzari. Na ce Pi 4 ban ce Pi 5 ba da gangan: Pi 4 yana da sashe na musamman da ke matse bidiyo zuwa tsarin H.264, an cire shi a Pi 5, nauyin ya koma kan babbar ƙwaƙwalwar na'urar. Mahaɗin kyamararsu ma ya bambanta, na Pi 4 mai ƙafa 15 ne, na Pi 5 mai 22, don haka ka duba wayar da za ka saya.

Daɗin wannan haɗin shi ne manhajar rpicam-vid tana barin ka ka kulle komai da hannu: tsawon buɗewar kyamara, ƙarfin haske, daidaiton launi, da saitin nisa. Na ƙarshen nan kada ka manta da shi, domin Module 3 tana neman saiti da kanta, kuma duk lokacin da ɓera ya miƙe tsaye sai hoton ya ɗan dushe ya dawo. Idan wutar ginin mai 50 Hz ce, ka sa buɗewar a milisakan 10 ko 20, in ba haka ba za ka ga ratsin haske yana gangarowa a bidiyon, manhaja kuwa ta ɗauke shi a matsayin motsi. A kan Pi 4 rpicam-vid tana iya rubuta lokacin kowane hoto a fayil daban, wanda shi ne shaidarka idan aka tambayi sahihancin lissafin sauri.

Ga akwati mai faɗin santimita 50, ka rataye kyamarar kimanin mita ɗaya daga ƙasan akwatin, tana kallon tsakiya sak. Ka ɗauki mai gilashi na yau da kullum, ba mai faɗin gani ba. Idan ka umarce ta ta karanta dukkan firikwensin, sannan ta fitar da hoto mai fiksel 1280 a faɗi da 720 a tsayi, kowane fiksel zai kama kusan milimita ɗaya, ya ishi bibiyar jiki. Hotuna 30 a daƙiƙa sun wadatar, kuma a megabit 4 a daƙiƙa bidiyon awa ɗaya bai wuce gigabait 1.8 ba. Ka ɗaure ta a ƙarfen da ba ya rawa, ba a jikin teburin da mutane ke jingina ba, ka ɗauki hoton rula a kwance a ƙasan akwatin kafin a saka dabba.

Fitilar infirared ka ɗauki mai tsawon zangon haske nanomita 850. Kyamara ba ta ganin 940 sosai, sai ka ƙara yawan fitilu. Kada ka haska kai tsaye cikin akwati, ka juya su sama ko bango hasken ya bazu. Ƙasan akwatin ya zama marar sheƙi, fari ga baƙin ɓera irin C57BL/6, mai duhu ga farare irin BALB/c da Wistar. Ka gwada shi a ƙarƙashin infirared ɗin kansa, domin wata baƙar roba takan fito da haske a can. Fitsari ma yana ƙyalli: ɗigo ɗaya a kusurwa ya isa ya ja alamar bibiya ta bar dabbar ta maƙale a wurin, layin tafiya ya yi tsalle na santimita talatin da ɓeran bai taɓa yi ba.

Batun manhaja ba wuya. Dabba ɗaya, nisa da yanki kawai, ezTrack ya isa. Bonsai ga mai son sakamako nan take, DeepLabCut ko SLEAP ga mai bin hanci da jela da ƙafafu, amma su sai da kwamfuta mai katin zane mai ƙarfi. Duk kyauta ne.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen ƙananan kaya, kuma araha ba ta ado. Katin ajiya na jabu ya fi komai haɗari. A jikinsa an rubuta gigabait 128, kwamfuta ma ta nuna 128, alhali ainihin cikinsa 8 ne ko 16. Idan ya cika ba ya ƙorafi, sai ya ci gaba da karɓa yana zubarwa ko yana rubutawa a kan na baya. Sunayen fayilolin suna nan, girmansu daidai, sai ranar nazari ka buɗe ka tarar ba komai, ga shi ɓeran da ya taɓa shiga akwati ba zai sake zama baƙonsa ba, ba a maimaita gwajin farko. Kowane kati sabo ka cika shi baki da manhajar gwada kati H2testw ko F3 kafin ya kusanci aiki, ko da daga ina ka saye shi, kuma ka nemi samfurin da aka yi don ɗaukar bidiyo ba tsayawa.

Sai caja. Pi 4 yana son volt 5 da amfiya 3, kuma cajoji da yawa da aka buga wa wannan lambar ba sa kai ta, musamman da siririyar waya. Ba lallai na'urar ta mutu ba, tana iya rage gudu ta riƙa zubar da hotuna. Umarnin vcgencmd get_throttled zai faɗa maka. Duk amsar da ba 0x0 ba akwai matsala. Kyamarar kanta ana kwaikwayonta: ana sayar da tsohon firikwensin OV5647 mai megafiksel 5 da sunan sabo, sau da yawa da fitilu biyu a gefe masu ƙara haske da ragewa da kansu, abin da kake gudu ke nan. Ka sa rpicam-hello ya jero kyamarorin da ke jone, ka tabbatar ka ga imx708. Fitilun infirared marasa lamba a jiki kuwa ka kunna su awa guda ka kwatanta hasken hoton farko da na ƙarshe, domin wasu kan dushe idan sun yi zafi.

Kafin lokacin mayar da kaya ya ƙare, ka haɗa komai ka ɗauki akwati ba dabba na minti 10, ka ƙirga hotunan da manhajar ffprobe: ya kamata su kusan cika 18,000. Sannan ka ajiye wani baƙin abu mai girman ɓera a tsakiya, ka sa manhaja ta bi shi. Nisan da ta ce ya yi alhali bai motsa ba, shi ne kuskuren da zai hau kan lissafin kowace dabba, kuma idan ya yi yawa ka fara duba haske da rawar ƙarfen rataya kafin ka zargi kyamarar.