Wane Wata Ya Fi Dacewa da Sayen Kayan Kwamfuta a Garwa da Marwa?

Duk mai riƙe da babbar waya ya saba ganin tallan Black Friday a ƙarshen Nuwamba, da garaɓasar 11 ga watan 11 da shagon intanet na AliExpress ke yi. Rangwamen na gaske ne, sai dai an yanka shi ne daidai wuyan mai saye na Amurka ko Sin, wanda ake kai wa kaya har ƙofar gida. Mu kuwa, kafin kwali ya iso Garwa sai ya sauka a Duwala, ya fita daga hannun kwastan, ya hau jirgin ƙasa ko tirela zuwa Ngawundare, sannan ya kamo hanyar arewa. Na Njamena ma sai ya ƙara da Kusiri. Kowane zango da kuɗinsa, ga harajin TVA na kashi 19.25 cikin ɗari. Don haka kalandar da ya kamata mu duba ita ce tamu: damina, komawa makaranta, zafi, da canjin kuɗi.

In akwai watannin da zan ce a kauce musu, Satumba da Oktoba ne. Ɗaliban sakandare sun koma, na jami'o'in Marwa, Garwa da Ngawundare na shirin komawa, kowa na neman caja da batir da ƙarin RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) a lokaci guda. Damina kuma ta gama cin hanya, musamman tsakanin Mora da Kusiri, sabon kaya bai cika isowa ba. Mai shago da ke ganin layi a gabansa ba ya jin "Alhaji, a yi mini ragi." In kwamfutar ɗanka na buƙatar gyara kafin a koma, a yi shi tun Yuli.

Ga wanda zai saya a shago, na fi son tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu. Kayan da 'yan kasuwa suka sara a rangwamen Nuwamba sun fara sauka, hanya ta bushe, kuma kowa na son ya juya kuɗinsa ya sake oda kafin Sinawa su tafi bikin sabuwar shekararsu. Bikin na faɗowa ne tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antun Shenzhen da Guangzhou su rufe, ma'aikata su tafi ƙauyukansu. Daga nan abin da ya ƙare a kanta ya ƙare ke nan har wajen Maris ko Afrilu. A dai tuna sabuwar dokar kasafin kuɗi na fara aiki ranar 1 ga Janairu; in ta taɓa kuɗin fito, kayan Disamba sun fi.

Yin oda da kanka a Nuwamba yana da riba, amma ga ƙananan kaya marasa nauyi kawai, irin RAM da SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri). Gilashin laftof kan iso a fashe, batir kuma jiragen sama na tsaurara dokar ɗaukarsa. Ka fara leƙa farashin tun Oktoba, domin wasu masu sayarwa kan ɗaga shi da farko, ranar garaɓasa su maido shi inda yake su ce sun rage rabi. Kuma in kayan ya zo da matsala, babu wanda za ka je ka tsaya a ƙofar shagonsa.

Sai hanyar Najeriya, wadda ba ruwanta da wata. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan kowane yuro ɗaya, ita kuwa naira tun Yunin 2023 aka sake ta tana hawa da sauka. Duk lokacin da ta faɗi, mai sefa kan ji kansa attajiri a Mubi, Yola ko titin Beirut a Kano. Amma kayan kwamfuta da dala ake sarinsu, kuma 'yan kasuwar can ba barci suke ba. Ribar na cikin kwanakin farko ne, a kan tsohon kaya da ba a sauya wa farashi ba. In ka lissafa kuɗin mota da na shingayen hanya, RAM guda ɗaya ba ta kai a ƙetare iyaka dominta ba, sai in an haɗa saƙon mutane da yawa.

Akwai kayan da ba a jira musu araha. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, wuta ta riƙa zuwa tana ɗaukewa. A nan ne caja ke ƙonewa, batir ya kumbura har ya ɗaga madannai. Batir, caja, fanka da sitabilaiza a saye su a Fabrairu, kafin kowa ya ruga nema. A watan ne kuma ya dace a kai wa mai gyara ya buɗe kwamfutar: za ka ga ya zaro ƙurar hunturu daga bakin fanka, ta dunƙule kamar audugar katifa. Sau da yawa wannan sharar da sabon man sanyaya injin sun isa, ba sai an sayi komai ba. Batir kuwa a duba ranar da aka ƙera shi, don wanda ya yi bazara biyu a shago ya tsufa tun ba a ɗora shi ba.

Makon jajiberin Sallah ma dama ce. Kuɗin mutane ya tafi ɗinki da rago, shagon kwamfuta shiru, shi ma mai shagon yana da nasa ragon da zai saya.

RAM da SSD ne ke rushe duk wannan lissafi. Kamfanoni uku, Samsung, SK Hynix da Micron, su ke ƙera mafi yawan RAM ta duniya. A 2023 kayan sun yi kwantai, farashi ya zube. A ƙarshen 2025 kuwa manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka wawashe su, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Haka aka yi da hadis (hard disk, faifan ajiyar bayanai) a 2011, lokacin da ambaliya ta cinye masana'antu a Tailan. In ka ga farashin RAM na hawa mako bayan mako, jiran Disamba asara ce, saya kawai.

Kayan hannu kuwa sun fi bin lokacin da kwantena ta sauka, don haka ka riƙe lambar mai shago ya sanar da kai, ka zaɓa kafin a tsince masu kyau. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma in injin Intel ne, Windows 11 na neman daga zubi na 8 zuwa sama, saboda haka kada arahar tsohon zubi ta ruɗe ka. In hadis ko SSD ce ta hannu, a jona ta a gabanka, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, ka ga awannin da ta yi tana aiki da lafiyarta kafin ka ciro kuɗi.